Fashewar Walƙiyar Lantarki da Alamar Gargaɗin da Ke Jikin Akwatin Wuta

Wutar lantarki tana illata ma'aikaci ta hanya biyu. Wadda kowa ya sani ita ce ja: mutum ya taɓa waya mai rai, wuta ta ratsa jikinsa tana neman ƙasa. Ta biyun ba ta jiran a taɓa komai. Idan wuta ta bar hanyar da aka shimfiɗa mata, ta tsallaka daga wata sandar jan ƙarfe zuwa 'yar'uwarta ko zuwa jikin akwatin, iskar da ke tsakani kan rikiɗe ta zama hanyar wuta ita kanta, sai zafi da haske da ƙara su tashi a tare. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira ak-filash, wato fashewar walƙiyar lantarki. Yana faruwa a akwatunan rarraba wuta, da ɗakunan manyan makunnai, da akwatunan sarrafa injinan masana'anta, da gindin taransifoma.

A tsakiyar walƙiyar, zafi na iya kaiwa kusan digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali fuskar rana kanta ba ta wuce kimanin 5,500 ba. A irin wannan zafi jan ƙarfe tururi yake zama, kuma idan ya zama tururi girmansa na ninkuwa kusan sau 67,000. Wannan kumburi na farat ɗaya shi ke ɓalle ƙofar akwati, ya watsa narkakken ƙarfe, ya jefo mutum daga kan tsani. Ƙarar kan haura desibel 140, wadda ta isa ta lahanta kunne. Hasken yana lahanta ido, hayaƙin ƙarfe da roba kuma yana ƙona huhun wanda ya shaƙa. Sau da yawa abin ba ya kai daƙiƙa ɗaya. Sai dai ƙunar da ta fi muni ta kan zo ne bayan walƙiyar ta mutu, lokacin da rigar ma'aikaci ta kama da wuta ta ci gaba da ci a jikinsa.

Abubuwan da ke tada ita ƙanana ne. Mai gyaran wuta ya buɗe akwati mai bolt 415 don ya ƙara ɗaure wata ƙusa da ta saki, bakin sukudireba ya zame ya haɗa sanduna biyu. Ko sifana da aka ajiye a saman akwati ta zamo ta faɗa ciki. Ko a sa mitar da aka yi wa ƙaramar wuta a kan babban layi. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da hannun mutum: ƙura da ta taru ta sha laima, tsatsa, robar waya da ta tsufa ta tsage, ɓera ko ƙadangare da ya shiga neman ɗumi ya kwanta a kan sanduna. Irin wannan lahani yakan yi shiru har ranar da aka buɗe ƙofa, ko aka zaro babbar bireka daga mazauninta, ko aka mayar da wuta bayan ta katse ba tare da an binciki abin da ya katse ta ba.

Yadda aka fara auna haɗarin

An daɗe ana lissafa waɗannan raunuka cikin jan wuta. Wanda ya raba su shi ne Ralph Lee, injiniyan da ya yi aiki da kamfanin DuPont a Amurka. A 1982 ya buga wata maƙala a mujallar cibiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, inda ya nuna cewa ana iya lissafa zafin walƙiya, da kuma nisan da mutum zai tsaya ƙunarsa ta kasance mai warkewa. Kafin shi, Alice Stoll, mai bincike a rundunar sojin ruwan Amurka, ta auna yawan zafin da fatar mutum ke iya ɗauka da tsawon lokacin da take ɗaukarsa kafin ta yi bororo. Daga aikinta aka samo adadin da duk wannan fanni ya ginu a kai: kalori 1.2 a kowane murabba'in santimita. A nan ƙuna mai mataki na biyu ke farawa. Kwatancin da masu koyarwa ke bayarwa shi ne mutum ya riƙe yatsansa a bakin harshen wutar laita na daƙiƙa guda.

Ƙa'idoji sun biyo baya sannu a hankali. Ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta fitar da kundin tsaron ma'aikatan lantarki mai lamba 70E a 1979, bisa buƙatar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta OSHA, amma sai a bugun 1995 batun iyakar walƙiya, wato nisan da ya kamata a tsaya, ya shiga ciki. A 2002 abubuwa biyu suka faru. Kundin haɗa wuta na ƙasar, NEC, ya ƙara sashe na 110.16 wanda ya wajabta liƙa gargaɗin walƙiya a jikin kayan wutar da ake iya buɗewa ko gyarawa suna da rai, ban da na gidajen zama. IEEE kuma ta fitar da ƙa'ida mai lamba 1584, wadda ta ba da hanyar lissafi da aka gina a kan gwaje-gwaje kusan 300. An sabunta ta a 2018 bayan gwaje-gwaje sama da 1,800. Bugun NEC na 2017 ya ƙara cewa kayan da ke karɓar wuta daga kamfani masu amfiya 1,200 zuwa sama sai an rubuta musu cikakken bayani, na 2023 kuma ya sauke adadin zuwa 1,000.

OSHA ba ta mayar da 70E doka kai tsaye ba, amma dokokinta sun ɗora wa mai wurin aiki nauyin tantance haɗari, da gargaɗin ma'aikata, da ba su kayan kariya, kuma masu bincikenta kan duba 70E don sanin abin da ya kamata a ce an yi. Kanada tana da nata kundin, CSA Z462, tun 2008, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na Amurka. Turai ta fi karkata ga tantance haɗari a ƙarƙashin EN 50110, Jamus kuma tana da jagoranta mai lamba DGUV 203-077. Sitika mai ɗauke da alƙaluma, irin wadda ake gani a masana'antu da yawa na duniya, asalinta tsarin Amurka ne.

Lissafin da ke bayan sitika

Abubuwa uku ne ke yanke yawan zafin da zai sauka a jikin mutum: yawan wutar da layin zai iya kwararowa idan wayoyi suka haɗu, tsawon lokacin da fis ko bireka za ta ɗauka kafin ta katse, da kuma tazarar da ke tsakanin walƙiyar da ƙirjin ma'aikaci.

Na farko ya dogara da girman taransifoma da kaurin waya da tsawonta. Taransifoma mai kVA 500 a kan bolt 415 tana ba da kusan amfiya 700 a cikakken aiki. Idan turjiyarta ta ciki kashi 5 cikin ɗari ce, haɗuwar waya a bakinta na iya janyo ninkin wannan sau ashirin, wato wajen amfiya 14,000. Tazara kuma an tsayar mata da ma'auni: santimita 45 ga ƙananan akwatuna da na sarrafa injina, 61 ga manyan makunnai masu ƙaramin bolt, 91 ga masu dubban bolt. Ana auna ta ne zuwa fuska da ƙirji. Hannu, wanda shi ne ke cikin akwatin, yana shan zafin da ya fi wanda aka rubuta nesa ba kusa ba.

Lokaci shi ne inda gizo ke saƙa. Zafi yana ƙaruwa daidai da daɗewar walƙiyar: idan lokaci ya ninka sau goma, zafi ma ya ninka kusan sau goma. Jadawalin da ke cikin 70E ya nuna wannan ƙarara. Akwatin sarrafa injina na rukunin bolt 600, wanda layinsa ke iya kawo amfiya 65,000 amma birekarsa ke katsewa cikin daƙiƙa 0.03, yana matakin kariya na 2 ne cikin matakai huɗu, iyakarsa mita 1.5. Irin wannan akwati mai amfiya 42,000 kacal, wanda birekarsa ke ɗaukar daƙiƙa 0.33, yana mataki na 4, iyakarsa kuma ta wuce mita 4. Wutar ta ragu, haɗarin ya ƙaru. Dalili shi ne bireka tana saurin katsewa idan ta ji wuta mai yawa, tana jinkiri idan ta ji matsakaiciya, kuma walƙiya, saboda turjiyar iska, kullum tana jan wuta ƙasa da wadda haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ke ja. Idan abin da ta ja bai kai inda aka saita bireka ta katse nan take ba, bireka za ta ɗauka nauyin aiki ne ya ɗan yi yawa, ta yi ta jira. Shi ya sa IEEE 1584 ta ce a yi lissafin sau biyu, na biyun da wuta da aka rage, a ɗauki wanda ya fi muni.

Bugun 2018 ya ƙara abin da na 2002 bai kula da shi sosai ba: yadda sandunan ke kwance da girman akwatin. Ya kasa yanayin sandunan gida biyar. Idan suna kwance suna fuskantar ƙofa, walƙiyar kan fito kai tsaye zuwa ga wanda ke tsaye a gaba, kuma zafinta ya fi na waɗanda ke tsaye suna kallon ƙasa. Ya kuma cire sassaucin da aka daɗe ana fakewa da shi, na cewa ba sai an lissafa layin da bai kai bolt 240 ba idan taransifomarsa ba ta kai kVA 125 ba, domin gwaji ya nuna walƙiya na iya ɗorewa a can ma.

Abin da ake rubutawa

Kundin 70E ya ce alamar ta ƙunshi ƙarfin bolt na layin, da iyakar walƙiya, sannan aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan: adadin zafin da zai sauka tare da tazarar da aka auna shi, ko matakin kayan kariya, ko mafi ƙarancin juriyar tufafin da za a sa, ko wani tsarin kariya da wurin aikin ya tsara wa kansa. Ya hana haɗa adadin zafi da matakin kariya na jadawali a sitika ɗaya, saboda hanyoyi ne biyu dabam. Ɗaya daga lissafin injiniya take fitowa, ɗayar daga jadawali mai nasa sharuɗɗan, kuma gwama su na sa ma'aikaci ya zaɓi wadda ta fi masa sauƙi. Nauyin yin alamar da liƙa ta da kula da ita yana kan mai kayan wutar. Ɗan kwangilar da aka kira gyara ba shi ne zai ƙirƙiro ta ba.

A ɗauki misalin sitika a ƙofar wani akwati: bolt 415, iyakar walƙiya mita 1.2, zafi kalori 6.5 a santimita 45. Layin farko yana gaya wa ma'aikaci irin mita da irin safar hannu ta roba da zai ɗauko. Na biyu yana nuna inda zafin ke sauka zuwa kalori 1.2, don haka a nan ake ɗaura igiya ko a ja layi, kuma duk wanda zai ƙetare, ko da riƙe tocila kawai zai yi wa maigidansa, sai da kayan kariya. Na uku yana nufin riga da wando da murfin fuska su kasance masu juriyar da ta kai 6.5 ko ta wuce, wanda a aikace yake nufin kayan kalori 8. Sitikoki da yawa suna ƙara iyakokin jan wuta, waɗanda ba ruwansu da zafi: a irin wannan bolt, wanda ba ƙwararre ba ya tsaya bayan mita 1, ƙwararre kuma kada ya shiga santimita 30 sai da kariyar roba. Ana kuma rubuta lambar akwatin, da birekar da ke ciyar da shi, da ranar da aka yi lissafin. Wannan rana tana da amfani fiye da yadda ake ɗaukar ta.

Launi da kalmar saman sitika suna bin ƙa'idar ANSI Z535. Ruwan lemo mai kalmar WARNING na nufin haɗarin da zai iya kisa ko mummunan rauni. Ja mai kalmar DANGER na nufin wanda zai yi hakan idan ba a kauce masa ba. Ƙa'idar ba ta faɗi adadin kalorin da za a koma ja ba. Al'adar kamfanoni da yawa ita ce su ajiye ja ga abin da ya haura kalori 40. Akwai masu liƙa ja a kowane akwati don gudun zargi, kuma wannan kuskure ne, domin idan komai ja ne ido kan daina bambancewa, ranar da aka iso akwatin da ya cancanci ja ba abin da zai nuna shi. A tsarin ƙasa da ƙasa na ISO 7010 akwai alwatika mai ruwan ɗorawa ta haɗarin lantarki, W012, da wata ta musamman ga walƙiya, W042.

Sauran sharuɗɗan na hankali ne. Sitika ta zama mai jure rana da mai da ruwa, bugaggiya da inji, a liƙa ta a waje inda za a gani kafin a buɗe ƙofa. Wadda aka liƙa a cikin ƙofa ta makara.

Inda alamar kan yi ƙarya

Sitika hoton wata rana ce guda a rayuwar layin wuta, kuma layin yana canzawa. An sauya taransifoma da babba, ko kamfanin wuta ya ƙarfafa layinsa, ko an ƙara manyan injina, waɗanda su ma kan mayar da wuta cikin haɗuwar waya na ɗan lokaci. Mafi yawa kuma, bireka ta dami mutane da katsewa, sai wani ya murɗa saitinta sama don aiki ya tafi, ko fis ya ƙone aka sa wanda ya fi shi girma, ko aka ɗaure gurbinsa da wayar jan ƙarfe. Duk ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya mayar da 6.5 ta zama ninkinta, sitika kuwa tana nan yadda take. Don haka 70E ya ce a sabunta lissafi duk lokacin da aka yi canjin da zai shafe shi, kuma ko ba a yi ba, a sake dubawa kafin shekara biyar ta wuce.

Abu na biyu da kan sa alamar ƙarya shi ne lafiyar bireka. Lissafi yana ɗauka cewa za ta katse a lokacin da masu ƙera ta suka rubuta. Birekar da ta yi shekaru ba a motsa ta ba, man jikinta ya daskare, ƙura ta cika ta, tana iya jinkiri ko ta ƙi buɗewa sam, sai ta gaba da ita ta katse, kuma waccan an saita ta ne da gangan ta jira. Wannan ne ya sa a 2023 NFPA ta ɗaga kundinta na kula da kayan wuta, 70B, daga shawara zuwa cikakkiyar ƙa'ida. Sitikar da ke kan kayan da ba a gwadawa alƙalumanta zato ne.

Na uku ya fi ɓuya. Babbar birekar akwati tana kare abin da ke bayanta ne kawai. Idan walƙiya ta tashi a gefen da wuta ke shigo mata, ba ta da abin yi, sai fis ɗin da ke can gaban taransifoma ya katse, shi kuma yana ganin wutar ne bayan taransifoma ta rage ta, don haka yana daɗewa. Shi ya sa wuri mafi zafi a masana'antu da yawa shi ne ɗan tsakanin taransifoma da babbar bireka, ko da bolt ɗinsa 415 ne kawai. Idan babu shinge na gaske tsakanin gefen shiga da na fita, walƙiyar da ta fara a ƙasa na iya haurawa sama, kuma injiniya mai lura zai liƙa wa akwatin duka adadin da ya fi muni.

Na huɗu ya shafi duk wurin da ke da hanyar samun wuta fiye da ɗaya, kuma a nan batun ya taɓa masana'antun Sharaɗa da Bompai da Kakuri kai tsaye, inda akwati ɗaya kan sha wutar kamfani da safe, ya koma kan injin janareta da rana. Injin janareta ba ya iya kwararo wutar haɗuwa mai yawa kamar layin kamfani, kuma abin da yake bayarwa yana raguwa cikin sauri. Mai ganin haka zai zaci haɗari ya ragu. Amma idan wutar ta ragu zuwa kashi ɗaya bisa uku, lokacin katsewa kuma ya tashi daga daƙiƙa 0.05 zuwa daƙiƙa guda, zafin ya ninka sau da yawa. Lissafin da aka yi a kan wutar kamfani kaɗai rabin labari ne. Ana lissafa kowane yanayi a liƙa mafi muni, ko a rubuta biyun a fayyace.

Tufafi da matsayinsu

Matakan kariya na jadawali huɗu ne: kalori 4, 8, 25 da 40. A da akwai mataki na sifiri, an cire shi a bugun 2015. A matakan farko riga ce da wando masu jure walƙiya, da murfin fuska, da hular kwano, da tabarau, da abin toshe kunne, da safar hannu. Mataki na 2 yana ƙara hular da ke rufe wuya da haɓa. Na 3 da na 4 cikakkiyar shiga ce mai lulluɓin kai. Adadin da ke jikin rigar ma yana da ma'anar da ya kamata a sani: a gwajin da aka fi amfani da shi, shi ne zafin da idan ya sauka, yiwuwar ƙuna mai mataki na biyu ta cikin yadin ta kai rabi da rabi. Rigar kalori 8 a gaban zafin kalori 8 tana kan gaɓa ke nan. Turai tana da wani gwajin na daban a ƙarƙashin IEC 61482, na cikin akwati, mai aji biyu, amfiya 4,000 da 7,000, kuma ba a musanya ajinsa da kalori kai tsaye.

Abin da ke ƙarƙashin rigar ma abin dubawa ne. Yadin roba irin su folista da nailan narkewa suke yi su manne da fata, don haka an hana sa su a ciki. Auduga ba ta narkewa, amma tana kamawa da wuta, saboda haka tana yin singileti, ba ta yin kariya. A ƙasa mai zafi jarabawar ita ce naɗe hannun riga da buɗe maɓalli, kuma duk inda aka buɗe nan wuta ke shiga. Akwai shigar da ta kai kalori 75 har 100 a kasuwa, sai dai yadi zafi yake tarewa, ba ya tare bugun iska ko ƙofar ƙarfe da ta ɓalle.

Matsayin alama a cikin tsarin kariya

Kundin 70E ya jera hanyoyin magance haɗari daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni: kawar da shi, musanya shi da mai sauƙi, gyaran injiniya, faɗakarwa, tsarin aiki, sannan kayan kariya. Sitika tana mataki na huɗu. Ba ta rage ko kalori ɗaya, kuma ba izinin aiki a kan wuta mai rai ba ce, ko da yake an sha karanta ta haka: an ga 8, an sa rigar 8, an buɗe. Asalin ƙa'idar shi ne a kashe wuta. Ba a yarda da aiki a kan layi mai rai ba sai idan kashewar za ta jawo haɗarin da ya fi, kamar injin da ke riƙe da ran majinyaci, ko aikin ba ya yiwuwa sai da wuta, kamar awo da neman inda matsala take, ko layin bai kai bolt 50 ba. Asarar kuɗin tsayar da injina ba ta cikin uzurorin. Inda aka yarda, in ban da awo da bincike, sai da takardar izini mai sa hannun shugaba.

Kashewar ma tana da tsari. A gano duk hanyoyin da wuta ke shigowa, har da janareta da batura da sola. A katse, a duba da ido inda zai yiwu, a saki wutar da ta taru a na'urori, a sa kwaɗo da kati mai sunan wanda ya kulle, sannan a auna. Ana gwada mitar a kan wuta mai rai, a auna layin da aka kashe, a sake gwada mitar don tabbatar da ba ta mutu a tsakani ba. Kafin wannan awo ya tabbata, layin yana da rai a hukunce, kuma mai awon yana cikin shigar da sitika ta faɗa. A nan sitika ta fi yin aiki a kullum.

Babban amfanin lissafin yana zuwa ne kafin a buga sitika, lokacin da injiniya ya ga wuraren da adadinsu ya yi yawa ya nemi rage su. Tunda lokaci ne jigo, yawancin dabarun na gaggauta katsewa ne: makunnin gyara da ke sa bireka ta katse nan take muddin mutum na aiki, birekoki masu yi wa juna sigina don ta kusa ta katse ba jira, na'urar da ke ganin hasken walƙiya ta ba da umarni cikin 'yan dubunnan kashi na daƙiƙa, da fis mai taƙaita wuta. NEC ya wajabta irin wannan ragi ga manyan birekoki. Akwai kuma dabarun nisanta mutum: zaro bireka da na'ura daga nesa, tagar duba zafin waya da kyamara ba tare da buɗe ƙofa ba, da akwatuna masu karkatar da fashewa sama, waɗanda kariyarsu ke aiki idan ƙofofinsu na rufe ne kawai.

Lissafin IEEE 1584 yana aiki a kan hertz 50 kamar yadda yake yi a kan 60, daga bolt 208 zuwa 15,000, don haka ya shafi layukan bolt 415 da 11,000 da ake amfani da su a Najeriya, inda hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ke duba kayan wuta tana ba su shaida. Layin 33,000 ya fita daga iyakarsa, sai a koma wasu hanyoyin, ciki har da tsohon lissafin Lee, wanda kan ba da adadi sama da na gaskiya a manyan bolt. Wutar batura da ta sola ma ba ta cikinsa, tana da nata jadawalin a 70E tun bugun 2012, kuma walƙiyarta ta fi wuyar mutuwa domin ba ta sauka zuwa sifiri sau ɗari a daƙiƙa kamar wutar layi. Ƙurar hunturu da laimar damina suna gajarta tazarar da ya kamata a bari tsakanin share akwatuna, rana kuma tana kashe rubutun sitikar da ke waje tun kafin shekara biyar ɗin ta cika. Sai batun harshe: sitikar da aka buga da Turanci ko Faransanci kaɗai ba ta isa ga yaron shago ko mai shara da ke wucewa ta gaban akwatin, don haka ake haɗa ta da hoto, da fassara cikin harshen da ma'aikatan ke ji, da jan layi a ƙasa daidai iyakar da aka rubuta. Ƙwararrun da za su buɗe akwatin kuwa, 70E ya ce a sake horar da su kafin shekara uku ta wuce, kuma ana ɗaukar mutum ƙwararre ne a kan irin kayan da aka koya masa kaɗai.